Amsa: wa Hindu ke cewa shi ne asalin komai?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya cewa tunda Hindu suna da ababen bauta barkatai, wanne ne a cikinsu ya samar da komai. A falsafar wasunsu babu ko ɗaya daga cikin waɗanda muke gani a fina-finan Indiya. Littattafansu na Upanishad suna kiran tushen komai da suna Brahman. Kada ka haɗa shi da Brahma mai fuska huɗu, wanda ake ce wa mahalicci amma shi ma yana da farko da ƙarshe, kuma ɗakunan bautarsa ma 'yan kaɗan ne, wanda ya fi suna yana Pushkar a jihar Rajasthan.

Ga inda abin ke yi mana wuyar kamawa. Mu mun tashi a kan cewa Allah Ya halicci duniya daga babu, Shi daban, halitta daban. Su kuwa a Upanishad ta Chandogya, wani uba mai suna Uddalaka yana tambayar ɗansa Shvetaketu: ta yaya samamme zai fito daga babu? Sai ya sa yaron ya zuba gishiri a ruwa ya bari ya kwana. Da safe gishirin ya ɓace wa ido, amma duk ta inda ya kurɓa sai ya ji shi. Uban ya ce masa haka asalin yake a cikin komai, kuma kai ma shi ne. Wato a wajensu ba maƙeri ba ne da ya ƙera abu ya koma gefe. Daga gare shi halittu ke fitowa, da shi suke rayuwa, cikinsa suke komawa.

Sai dai kada ka ɗauka bakinsu ɗaya. Lokacin da nake karatu a jihar Karnataka, abokin ɗakina mutumin garin Udupi ne, kuma ranar da na maimaita masa maganar nan ta "kai ma shi ne" sai da ransa ya ɓaci. Shi mabiyin Madhva ne, malamin ƙarni na 13, wanda ya koyar da cewa Vishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, shi ne Ubangiji, ran ɗan Adam bawansa ne, ba za su taɓa zama abu ɗaya ba. Wanda ya kafe a kan kaɗaitar Brahman shi ne Shankara, ɗan Kerala na wajen ƙarni na 8, mai cewa bambancin da muke gani rashin sani ne ya kawo shi. Wani malamin nasu, Ramanuja, ya tsaya a tsakiya. 'Yan Samkhya ma, wata mazhaba ta falsafarsu, tushe biyu suka ce akwai, ruhi da ɗabi'a.

Na san wani zai ce ai wannan wahdatul wujud ce, wato koyarwar wasu Sufaye cewa samuwa ta gaskiya ɗaya ce tak, ta Allah. Akwai kama tsakaninsu, har yarima Dara Shikoh na daular Mughal ya fassara Upanishad zuwa Farisanci a 1657 saboda ita. Amma a ganina kamar ta fi ƙarfi ne a ɓangaren Shankara kawai, mutanen Madhva ba za su yarda ka jingina musu ita ba.