Amsar Kawu Kan Ambaton Magabata Bayan Asuba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana jin dattawan Tudun Wada suna jero sunayen waliyyai da shahidai bayan Asuba, kana son sanin yadda ake yi, da ko ya halatta.

Tushensa yana Suratul Hashri, aya ta 10, inda Allah ya koya mana neman gafara ga 'yan'uwan da suka riga mu imani. Su kake yi wa addu'a, amma Allah kake roƙo.

Fara da zikirin bayan salla tukuna: tasbihi, tahmidi da kabbara, kowanne 33, da Ayatul Kursiyyu. Masu gaggawa kan tsallake wannan su faɗa kan sunaye, alhali shi ne ya zo a sunna. Sai salatin Annabi goma. Daga nan sahabbai, ka ce Allah ya ƙara musu yarda: Sumayya, shahidiyar farko a Makka, shahidan Badar su 14, na Uhudu su 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu.

Sai malamai, ka nema musu rahama. Imamu Malik, Shehu Usmanu da ya rasu a 1817, ƙaninsa Abdullahi na Gwandu, Muhammadu Bello, Nana Asma'u. Ina so ka riƙa sa shahidan yaƙin Tsuntsuwa na 1804, a jihadin Shehu Usmanu, domin mahaddata da dama sun kwanta a wurin, ga shi yaran yanzu ba su ma san sunan ba, abin yana damuna. Baƙadire zai ƙara Shehu Abdulƙadir, Batijjane ya ƙara Shehu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass. Wanda ya sha tafsiri a Masallacin Sultan Bello zai sa Malam Abubakar Gumi. Kada ka manta iyaye da malaminka na allo. Duka bai wuce minti biyar ba.

Inda ake ɓata abin shi ne a tara suna hamsin, a yi mako guda a gaji. Gara ka ware mutum ɗaya kullum, ka san abu ɗaya tabbatacce game da shi, ka gwada aikata shi a yinin. In kana son tarihin malaman Sakkwato, ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna.

Wasu kan karanta Fatiha da Ƙulhuwa 11 su ba da ladan hadiyya. Malamai sun saɓa a kan wannan, haka ma tawassuli, kuma ka san yadda zancen yake zafi a garin nan. Ka tambayi malaminka, kada ka tsaya musu a masallaci. Addu'a da sadaka kuwa babu mai jayayya cewa suna isa ga mamaci.

Wanda aka kashe a rikici ko a hanya, kada ka yanke masa shahada da bakinka. Ka ce Allah ya sa shahada ce, ya karɓa. A gaida mahaifiyarka.