Farin garin da ke cin alminiyam a jikin tsohon jirgi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka goge sandar tsohon jirgin nan da buroshin waya ka shafa mata fenti, alhali mai jirgin yana ta matsa mana a gama masa kafin ranar kasuwar Yauri. Ka ce tsatsa ce kawai, fara maimakon ja. Tambayar ta dace, domin duk wanda ya fara koyon aiki a kan baƙin ƙarfe haka yake zato.

Jirgin nan irin wanda iska ke turawa ne, an yi shi domin ruwan gishiri, kuma a Legas ya yi shekarunsa kafin a ɗoro shi a mota zuwa bakin Neja. Doguwar sandar da ake ɗaura wa ƙyallen iska, da maɗauran igiya, da firam ɗin tagoginsa, duk na alminiyam ne, saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Shi alminiyam da zarar iska ta taɓa shi yake yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi. A masana'anta sukan ƙara kaurin wannan fata ta hanyar tsoma ƙarfen a ruwan asid irin na batir, su saka masa lantarki. Duk da haka ba ta kai kaurin silin gashi ba. Inda ka ga sandar tana da dishi-dishi amma sumul take, fatar tana nan, kuma abin da wurin yake bukata ruwa ne mai tsabta da sabulu marar kaifi da tsumma. Idan ka kai mata samfefa, ka cire abin da ba za mu iya mayarwa a wannan rumfa ba.

Yanzu je ka duba inda farin garin ya taru. Ba ko'ina yake ba. Yana kewaye da kan kowane sukuru, da ƙarƙashin maɗauran da aka ɗaure da noti, inda fentin ya kumbura kamar ƙuraje. Sukurorin na sitenles ne, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, wasu kuma da wani ya sauya daga baya na tagulla ne. Duk lokacin da ƙarfe iri biyu suka haɗu kuma ruwa ya jiƙa su, sun zama ƙaramin batir, kuma a wannan haɗuwa alminiyam ne yake narkewa a hankali, ɗayan yana zaune lafiya. Ruwan gishiri yana hanzarta abin ƙwarai. Namu na kogi ya fi sauƙi, amma gishirin da ya maƙale a ramukan tun Legas yana jawo laima, don haka cin bai tsaya ba. Tagulla ta fi sitenles ɓarna nesa ba kusa ba, shi ya sa na ce ka tara duk sukurorinta a gwangwani, ko ɗaya ba zai koma ba. Buroshin waya da ka ɗauko shi ma wannan laifin yake yi: yana barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, bayan damina ɗaya ka ga ɗigo-ɗigo ko'ina.

Kwance sukuron shi ne inda ake gane mai haƙuri. Garin nan ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, sai ya cika zaren ya riƙe sukuru gam. Idan ka sa ƙarfi, kan zai guntule ya bar ka da kwana guda na huda. Ka zuba ruwan zafi tukuna, ka ɗiga mai, ka ɗan bubbuga da guduma, ka ba shi dare ɗaya. In ya ƙi, ka gasa alminiyam ɗin da ke kewaye, ka bar sukuron, domin alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa da zafi. Amma ka kula: ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfen maƙera. Yana kai digiri 660 sai kawai ka ga ya zube, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya ragu.

Kada ka kusanto da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Ina yaro na taɓa jiƙa wani maɗauri a cikinta don in huta da gurza, na dawo bayan la'asar na tarar ruwan yana tafasa shi kaɗai, ƙarfen ya yi baƙi, ramin noti ya zama gaho. Maigidana bai ce mini komai ba, ya dai sa na biya daga kuɗin abincina.

Bayan an kwance, sai a goge wurin da ya ciwu kaɗai da samfefa mai lamba 80, a bi da 120, har ƙarfen ya fito fari tas babu sauran gari a cikin ramuka. Idan ramin ya yi zurfi a gindin sandar ko inda waya ke ja, fenti ba zai yi magani ba, sai faci ko sauyi. A share da tina da tsumma mai tsabta, kada hannu ya sake taɓawa, sannan a shafa fentin shimfiɗa na alminiyam a ranar, cikin 'yan sa'o'i, tun fatar ba ta sake yin kauri ba. Fentin mai na ƙofofi da aka shafa kai tsaye ɓarewa yake yi kamar bawon albasa. Da safe za mu yi, kafin ƙurar hunturu ta tashi.

Wajen mayarwa kuwa, kowane maɗauri za a yanka masa shimfiɗar roba, kowane sukuru a shafe zarensa da man raba ƙarfe irin su Duralac ko Tef-Gel in an samu, in ba a samu ba giris irin na jiragen ruwa. Baƙin giris mai garin fensir a ciki haram ne a nan, don shi ma batir yake haɗawa da alminiyam.

Tunda mai jirgin zai ɗaura masa inji, ka duba ɗan guntun ƙarfen nan da ke saman farfela. An sa shi ne ruwa ya ci shi a madadin injin. Na tutiya na ruwan gishiri ne, a ruwanmu yakan yi ɓawo ya daina aiki, na magniziyam ya fi dacewa da kogi. Ba a shafa masa fenti, kuma idan rabinsa ya tafi a sauya. Gobe ka zo da tukunyar ruwan zafi, daga gindin sandar za mu fara. Mai jirgin ni zan yi masa bayani cewa sai kasuwa ta gaba.