Ga mai shirin zuwa Azhar: kada tallar sabon bugu ta cinye maka guzuri

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce kana shirin tahowa Alƙahira karatu, kuma kana ganin shagunan littattafai na Masar suna ta tallar sababbin bugu a Facebook da Telegram, har wani mai shago ya turo maka jerin littattafan da ya ce dole ɗalibi ya mallaka. Kana tambaya ko ka tura kuɗi a ajiye maka, ko ka saya a Kano ka taho da su.

Kada ka tura ko sisi tukuna. Yawancin ɗaliban da ke zuwa daga Najeriya da Nijar sai an yi musu jarrabawar tantance mataki, ita za ta nuna ko ajin koyon Larabci za a kai ka, ko ma'ahadi (makarantar Azhar ta ƙasa da jami'a), ko kuma ka wuce kulliya, wato tsangayar jami'a. Kowane mataki da littattafansa da aka wajabta, kuma a jami'a galibi jarrabawa daga littafin da aka ƙayyade wa darasin take fitowa, wanda ake sayarwa a harabar kulliyar. Mai shago bai san ajin da za ka faɗa ba. Abin da ya sani shi ne kayan da ke jibge a shagonsa.

Ba wai maganarsa ba ta da amfani ba ne. Dattawan da ke shagunan Darbul Atrak, a bayan masallacin Azhar, sun san bugu fiye da ɗalibai da yawa. Amma amsar da za ka samu tana bin yadda ka yi tambaya. In ka ce "wane littafin nahawu ya fi kyau?", wanda ribarsa ta fi yawa za a miƙo maka. Ka ce masa kana son Sharhin Ibnu Aƙil mai tahƙiƙin Muhammad Muhyiddin Abdulhamid (tahƙiƙi shi ne tantance nassin littafi da gyara shi), ya fito maka da bugun da yake da su duka ka gwada. Nan take zai gane ka san abin da ka zo nema.

Abin da ake kira sabon bugu iri uku ne, kuma a nan kuɗin ɗalibai ke zurarewa. Akwai wanda aka ɗauki hoton tsohon bugu aka sake fitarwa da sabon bango. In asalin mai kyau ne, kamar na tsofaffin maɗaba'un Masar, Bulaƙ ko Mustafa al-Babi al-Halabi, to ba laifi, illa dai wani lokaci tawada ta dushe, ɗigon haruffa su ɓace. Akwai wanda aka sake bugawa a kwamfuta ba tare da an koma ga rubutun hannu ba. Wannan ya fi kyan gani, kuma shi ya fi cutarwa: mai bugawa idonsa yakan tsallake daga wata kalma zuwa irinta a layi na gaba, sai layi guda ya faɗi, hukuncin mas'ala ya juye, kai kuwa ba ka sani ba. Na uku shi ne tahƙiƙi na gaske. Buɗe gabatarwa ka duba: mai tahƙiƙi ya faɗi kwafin rubutun hannu nawa ya gwada da ɗakunan da suke? Ya sa hotunan shafukansu? A ƙasan shafi ana nuna saɓanin kwafi? In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sunan "dakta" da ke bango ado ne kawai.

Kafin ka biya, ka ɗauki minti biyar. Ana haɗa littafi ne ƙulli-ƙulli, galibi shafi 16 kowane ƙulli, wanda suke kira malzama. A wurin ɗauri ana iya tsallake malzama ɗaya, ko a maimaita ta, ko ta fito fara fat. Ka bi lambobin shafi da babban yatsa daga farko har ƙarshe, mujalladi bayan mujalladi, ka kuma ƙirga mujalladan, domin saiti mai juzu'i na uku guda biyu babu na huɗu ba baƙon abu ba ne. Buɗe tsakiyar littafin ka ga ko ɗinki ne ko gam zalla. Mai gam zafin gida yakan sa shi ya riƙa zubar da takardu. Sannan ka nemi wata mas'ala da ka haddace tun a zaure, ka karanta ta a wannan bugun. Ka tambaya tun a tsaye ko za a canza maka in ka ga aibi, ka karɓi rasit.

Manyan sayayya ka jira baje kolin littattafai na Alƙahira. Tun 1969 ake yinsa, yana kamawa ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, kuma daga 2019 aka mayar da shi cibiyar baje koli da ke Tajammu'ul Khamis. A can kamfanonin Beirut da Jidda da Maroko ke zuwa da kansu, su fito da sababbin ayyukansu, kuma ana samun rangwame. Ga ɗalibin Malikiyya wannan babbar dama ce, don littattafai irin na kamfanin Darul Garbil Islami ba kowane shago ke da su ba. Ranar farko ka je da takarda da biro kawai, ka rubuta farashi rumfa-rumfa, ka nuna wa malaminka jerin, sannan ka koma saye. Littafin da aka shigo da shi daga waje farashinsa dala yake bi, kuma tun da aka karya darajar fam, kuɗin Masar, a Maris 2024, farashin da wani ya faɗa maka na shekarun baya ba abin dogaro ba ne. Tsofaffin littattafai masu araha kuwa sai kasuwar Azbakiyya kusa da Ataba, can ciniki ake yi sosai.

Daga gida ka taho da abin da ke wahalar samu a nan: Alƙur'aninka na Warshu in da shi ka yi hadda, tunda Hafsu ne ya cika shagunan Masar, da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello, waɗanda kasuwar Kurmi ta fi Alƙahira wadatarsu, da kwafinka na Risala ko Askari da ka yi wa ta'aliƙi a gaban malaminka. Sauran ka bar su.

Ka tuna da ranar komawa tun yanzu. Mujalladi mai tauri yakan kai kusan kilo ɗaya, jakar jirgi kuwa galibi kilo 23 ce, ka ga saiti ɗaya mai mujalladi ashirin ya kusa cinye jaka guda. Ɗalibai kan haɗa kayansu su ba masu kago. In za ka yi haka, ka sa littattafan a leda mai kauri kafin kwali saboda danshi, kwali kada ya wuce abin da mutum ɗaya zai ɗaga, ka rubuta sunanka da lambar wayar mai karɓa a ciki da waje, kuma kada ka raba saiti ɗaya a kwali biyu. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa albarka a karatun.