Hukuncin ajiye tsohon dirhami mai hoton wuta da tauraro

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi tsohon kuɗin azurfa na Farisawa. Fuska ɗaya hoton sarki Kisra ne, ɗayar kuma wurin bautar wuta da masu tsaronsa biyu, a gefe akwai jinjirin wata da tauraro. Mai sayarwa ya ce ya dace da tauraron 'yata, shi ne nake son a huda shi a yi mata sarƙa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye shi don tarihi ko kasuwanci babu laifi. Maganar tauraro ce ta sauya hukuncin. Rataya wa yarinya abu da ƙudurcewa cewa tauraro zai tsare ta ko ya buɗe mata arziki haramun ne ba tare da saɓani ba, kuma ƙofar shirka ce. Ko babu wannan niyya, ba na so ka ɗora alamar bautar Majusawa, wato masu bautar wuta, a ƙirjin 'yar Musulmi. Ka saya mata sarƙa kamar ta kowa, ka riƙa yi mata addu'ar tsari safe da yamma. Wanda ya sayar maka kuma kada ka sake sauraronsa a kan addini.

Wasu malamai na cewa wajibi ne a kankare hoton ko a narkar da kuɗin, saboda hadisin Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya ɓata shi. Hadisin ingantacce ne, amma ban ga ya shafi kuɗi ba. Da irin wannan dirhami Sahabbai suka biya sadaki suka fitar da zakka, haka dinarin Rumawa mai hoton sarkinsu Hiraƙla da gicciye, kuma ba a ruwaito an umarce su su kankare ba. Idan aka ce lalura ce, to bayan an ci Farisa gwamnonin Musulmi da kansu sun ci gaba da buga shi da hoton wutar, suka ƙara "Bismillah" a gefe, har akwai masu sunan Abdullahi ɗan Zubair. Sai zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan aka fito da dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira. Da wajibi ne, da ba a kai wannan lokaci ba. Ka bar shi yadda yake a cikin akwati, kada dai ka kafa shi a falo don girmamawa.

Abin da ya fi damuna ba ka tambaya ba, wato yadda ka biya. Azurfa ce, musayarta da naira sai hannu da hannu a zama ɗaya. In bashi ne, ko ka tura kuɗi ta intanet kayan suka iso bayan mako, an shiga riba. Ka tuba, ka kiyaye gaba. Ka kuma kai wa maƙerin azurfa ya auna, domin na gaske siriri ne mai faɗi, nauyinsa wajen giram 4, jabu kuwa sun yi yawa. In azurfarka ta kai giram 595 ta shekara a hannunka, zakka ta hau ta, ɗaya cikin arba'in.

Wallahu a'alam.