Kankare ba bushewa yake yi ba

Ɗana, jiya ka tambaye ni: tunda so muke kankare ya bushe, don me nake sa ka yi masa ban ruwa safe da yamma? Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don da yawa sun tsufa a sana'ar ba su taɓa yin ta ba.

Kankare kamawa yake yi, kuma ruwan ne ke sa shi ya kama. Ɗauki tsakuwa guda ka ɗaga ta a rana. Ka ga ɗigo-ɗigon jikinta, wani garau kamar gilashi, wani ja-ja, wani baƙi yana ƙyalli? Kowanne ƙwaya ce mai tsari, wadda masana ke kira kiristal. Asalin dutsen narkakke ne a ƙarƙashin ƙasa, ya huce sannu a hankali, ƙwayoyin suka girma suka sarƙe da juna. Sarƙewar nan ce ƙarfinsa.

Mu ma dutsen muke yi, sai dai cikin kwanaki. Wajen yin siminti, ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai kusan digiri 1450, a niƙe, a sa jibsam, wani farin ma'adini, kaɗan don kada kwaɓi ya sandare maka a kan cokali. Ruwa na taɓa garin simintin nan sai wasu ƙwayoyi sirara kamar allura su fara tsirowa, ido ba ya ganinsu, tare da wani abu mai danƙo da ke cike tsakanin yashi da tsakuwa. Dafa ginshiƙi washegarin zubi, za ka ji ɗumi. Aikin ke nan yake ci a ciki.

To in rana da iska suka shanye ruwan, tsiron ya tsaya cak. Ina yaro na taɓa barin sabon dakin, wato rufin kankare, har kwana biyu ba ruwa. Na hau na tarar ya tsattsage, na goga tafi gari ya biyo hannuna. Har yau abin na ci mini rai.

A kwana 7 kankare kan samu wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ne ake auna cikakken. Amma kada ka ce tunda yana son ruwa bari ka tsinka kwaɓi. Rarar ruwan in ta fita ramuka take bari, kankaren ya yi rauni. Kwaɓa da kauri, in ya kama ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, kada ka bari su bushe har mako ya cika.