Dole Ne Yarinya Mai Sikila Ta Yi Azumi Kafin Ta Samu Shiga Makarantar Katolika?

Tambaya: Malam Katikis, ina gaisuwa. 'Yata tana da shekara 11, kuma tana fama da ciwon sikila. Mun saya mata fom na shiga aji ɗaya a wata makarantar kwana ta Katolika a nan Jos. Wani mai gidan addu'a a unguwarmu ya ce tunda lokacin Azumin Kirista ne kafin Ista, sai ta yi kwana uku ba ci ba sha kafin a ɗauke ta, wai a makarantar ma haka za a sa ta yi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Daga wata uwa a Tudun Wada, Jos.

Amsa: Mama, ki kwantar da hankalinki, amma kada ki yarda yarinyar nan ta wuni ko sau ɗaya ba ta sha ruwa ba.

Dokar Ikilisiyar Katolika ta 1983, a sashe na 1252, ta fayyace cewa ƙaurace wa nama yana hawa kan wanda ya cika shekara 14, azumi kuwa daga shekara 18 har mutum ya shiga ta 60. Ranakun da azumin ya wajaba biyu ne kacal, wato Larabar Toka, ranar da ake fara Azumi ana shafa toka a goshi, da Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Yesu, kuma ko a cikinsu ana cin cikakken abinci sau ɗaya, a ɗan taɓa kaɗan sau biyu, ruwa da magani kuwa ba a hana su ba. Saboda haka 'yarki ba ta cikin waɗanda dokar ta shafa, kuma da ta kai shekarun ma, rashin lafiyarta ya isa ya ɗauke mata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk shekara da zarar an shafa toka a goshi, sai irin waɗannan mutane su fito suna koya wa iyaye cewa wahalar jiki ita ce kuɗin sayen amsar addu'a. Ba su san dokar Ikilisiya ba, ba su san aikin likita ba, amma suna yanke wa 'ya'yan mutane kwanaki. Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, domin jini yana yin kauri, ƙwayoyinsa su toshe ƙananan hanyoyinsa, daga nan sai ciwon ƙashi mai sa yaro ya kwana yana murƙususu, yana riƙe gwiwa da ƙugu. Ga shi Azumi yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ko Jos mai sanyi takan ɗauki zafi. Idan aka kwashi yarinyar zuwa asibiti da tsakar dare ana neman jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa, ba za ki ga mai gidan addu'ar a bakin gado ba. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda azuminsu ya fi namu tsanani, su ma ba sa wajabta shi a kan yaron da bai balaga ba ko mara lafiya. To, daga ina shi ya samo nasa?

Batun shiga makaranta kuwa, jarrabawa ce da ganawa da malamai. Maganar cewa makarantar za ta hana ta ci da sha jita-jita ce. Abin da ɗalibai suka saba yi a wannan lokaci shi ne halartar Misa, bin Hanyar Gicciye (addu'ar tunawa da wahalar Yesu har zuwa gicciye shi) ranar Jumma'a, da tara ɗan abin da suka samu domin mabukata.

A gida, ku riƙa zuwa Hanyar Gicciye tare, ku karanta Matta sura 6, ta kuma rage wani abin marmari kamar alewa, ta ba da kuɗin sadaka. Ranar ganawa, kada ki ɓoye ciwon don tsoron kada a ƙi ɗaukarta. Ki tafi da takardar likita, ki nemi ganin mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata da ma'aikaciyar jinyar makarantar, ki tambaye su asibitin da suke kai yaro idan ciwo ya tashi da dare. Maganar mai gidan addu'ar kuma ki kai wa Fada na cocinku a wannan makon, domin ba ke kaɗai ya faɗa wa haka ba.