Rumbun da ba a buɗewa sai damina: amsa ga ɗan ƙanena

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da labarin amfanin gona, Allah ya sa albarka. Ka ce bana ka samu gero buhu 22 da dawa buhu 18, ban da wake, kuma wannan ce shekarar farko da gandu ya dawo hannunka. Niyyarka ka sayar da mafi yawa yanzu, ka sayi babur na haya, ka kuma karɓi ƙarin gona. Iyayenka mata da dattawan unguwa kuwa sun ce a liƙe rumbu, kada a taɓa sai damina. Shi ne kake tambaya ko wannan al'ada ba tsoro ba ce kawai, har ma da munana zato ga Allah, tunda shi ke ciyar da bayinsa.

Kafin ka kira su matsorata, ka tuna abin da waɗannan dattawa suke yi a ƙarshen bazara. Su ne masu binne. Mutum ya ɗauki irinsa ya tafi gona rana na dukan ƙeya, ƙasa a bushe ƙamas, babu ko alamar hadari a gabas, ya sara ya zuba ya take da dunduniya, ya dawo gida yana jiran ruwan da ba wanda ya yi masa alkawarinsa. Matsoraci ba ya wannan. Abin da suka gada shi ne raba dukiya gida biyu: akwai wadda in ta salwanta za a ji zafi amma gida yana nan tsaye, akwai wadda in ta salwanta gidan ne zai watse. Ta farko suna jefa ta gaba da ƙarfin zuciya, ta biyu kuwa ko sarki ya aiko sai an yi shawara. Irin binne 'yan tiyoyi ne. Abincin shekara kuwa ran iyali ne.

Ta fuskar addini ma ba su kauce ba. A cikin Suratu Yusuf, shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bayar ita ce a yi noma shekara bakwai, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Ya tabbata kuma Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, kuma da wani ya tambaye shi game da raƙumarsa, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Ƙasarmu ta ƙara musu da nata darasin: yunwar Kakalaba ta 1914, farin 1973 da na 1984, da abin da ya sami yankin Maraɗi da Damagaram a 2005, lokacin da hatsi ke jibge a kasuwa amma talaka ba shi da kuɗin saye. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi shafar tambayarka, domin da yawa daga cikin waɗanda suka sha wuya sun noma, sai dai sun rabu da hatsinsu da arha tun da kaka, suka koma saye da tsada da damina.

To, mu zo ga lissafi, don nan ne gardama ke mutuwa. Fara da zakka tun hatsi na masussuka. Nisabi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, kuma abin da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitarwa, ɗaya cikin goma. Na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa, rabin ushiri. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a haɗa gero da dawa wajen cika nisabi, amma naka kowanne ya wuce da nisa, saboda haka buhu huɗu sun fita, saura 36. Waken kuma ka kai wa malamin garinku ya auna maka.

Sai abinci. Kada ka yi ƙiyasi da ka, ka sa uwargida ta riƙa ƙirga tiyar da take ɗiba har mako biyu, tuwo da fura da koko duka. A ce tiya biyu ce a rana. Wata guda tiya 60 ke nan, kuma tunda buhu yana cin tiya 40, buhu ɗaya da rabi ne a wata, 18 a shekara. Amma ba a yin lissafin wata goma sha biyu, na goma sha huɗu ake yi, domin damina kan makara, kuma da damina ciki ya fi buɗewa: ga aikin ƙarfi, ga 'yan ƙwadago da za a kai wa fura gona. Buhu 21 ke nan, saura 15. Ware ɗaya na iri. Ware huɗu na hidimar da ba ta sallama kafin ta shigo: suna, rasuwa, ƙanwarka da za ta zo wankan gida, maƙwabcin da zai tsaya a zaure da daddare yana sosa ƙeya. Abin da ya rage, buhu goma, shi ne naka na kasada. Da shi za ka yi fata, ka yi buri, ka gwada sa'arka, ba wanda ya isa ya ce maka don me.

Dalilin liƙe rumbun gandu kuwa, da can ba kawai a rufe a zauna ake yi ba. Da rani samari sukan tafi cin rani, bakuna su ragu a gida, masu gayauna, wato 'yar gonar kashin kai, su ci daga nasu, mata su taimaka da abin sana'arsu, mai gida ya riƙa awo da kuɗin sana'ar hannu tun hatsi na da arha. Sai ruwa ya sauka, kowa ya dawo, aiki ya kankama, farashi ya hau, sannan a fasa rumbu. Wato ana saye lokacin arha, ana cin na gida lokacin tsada. In ka juya wannan tsari, kai ne za ka tsaya gaban mai awo a watan marka, kana sayen geron da ka sayar masa, da ninkin abin da ya ba ka ko fiye.

Sai dai ajiya ma tana da nata sharuɗɗa, kuma a nan mutane da yawa suke asara suna zaton taka-tsantsan suke yi. Gero da dawa sun fi daɗewa a dami, cikin rumbun da aka ɗora kan duwatsu, jinka ba ta yoyo, an share tsohon hatsi da ƙurarsa kafin a zuba sabo, domin ƙwarin bara a nan suke kwana. In sussukakke ne a buhu, a tabbata ya bushe: ka ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta yi, in ta lotse a haƙori a mayar shanya. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a sa katako a ƙarƙashi, a bar tazarar da mutum zai zagaya ya duba gara da ɓera.

Wake shi ne mai rigima, don tun daga gona yake zuwa da ƙwan ƙwaronsa a jiki. In ka zuba shi a buhun banza, kafin wata uku ka buɗe ka tarar da huji da gari. Maganinsa a hana shi iska: jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam, a cika har baki, ko buhun PICS mai leda biyu a ciki. Ka duba ledojin ba su da huji, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, sannan buhun waje, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiban na alala. Na ci a ware shi gefe tun farko. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne zuba wa wake maganin feshi, abin da ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan mai fitar da hayaƙi da ake sawa cikin buhu kuwa, kada ta kwana ɗaki ɗaya da mutum, ko a ɗakin da ya haɗa bango mai kafa da makwancin yara. Tana kisa.

Iri kuma tun a gona ake zaɓensa, manyan zangarniyoyi masu cika, daga tsakiyar gona, a rataye inda hayaƙin murhu ke kaiwa. Ka ajiye ninki biyu na abin da shuka ɗaya ke ci, in za ka yi binne ninki uku. Hatsarin binne sananne ne: yayyafi ya sauka wanda ya isa ya tayar da ƙwaya amma bai isa ya riƙe ta ba, ta tsiro rana ta ƙone ta, ko zabi da ɓeraye su tone. Shi ya sa ake binne gero a jigawa kawai, ba duka gonaki ba, kuma ba a binne gyaɗa ko irin masarar da aka saya da tsada. Ruwan farko ma in ya sauka, kada ihun yara ya ɗebe ka. Ka je da safe ka tona da hannu, in laima ta kai zurfin tafin hannunka har wuyan hannu ka yi shuka, in sama-sama ce ka dakata. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma karanta shi a rediyo da Hausa. Ka saurara, amma hasashe ne na yanki, ba na gonarka ba. Mako biyu kafin shuka ka ƙirga ƙwaya ɗari ka nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana biyar zuwa bakwai ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun gaza tamanin ka ƙara yawan abin da kake zubawa a rami, in sun gaza rabi ka nemi wani iri.

Haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ma wannan hikimar ce. Gero ya nuna da wuri a yi tumu a kashe yunwa, dawa ta ci ruwan ƙarshe, wake ya biyo baya. Da wuya shekara ta kashe su duka uku.

Ba kuma duk abin da dattawa suka ce ne zan sa maka hannu a kai ba. Akwai wanda zai ƙi iri mai saurin nuna, irin geron SOSAT ko waken da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ke fitarwa, don kawai ubansa bai shuka ba, alhali damina ta canza hali. Irin wannan sai ka gwada a kusurwar gona, kwata ɗaya, shekara biyu a jere, ka gani da idonka. Akwai kuma mai ƙuntata wa iyali, rumbu cike yara na kwana da kunu tsararo, har ƙwari su cinye abin da ya hana 'ya'yansa. Wannan rowa ce aka sa mata rawani. Haka wanda ke sayen hatsi da bashi ya ɓoye yana jiran tsada, ya ɗauka farashi hawa kawai ya iya. A 2025 masara da shinkafa sun faɗi warwas, masu irin wannan ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Saboda haka buhu goman nan kada ka fitar da su rana ɗaya. Kasa su uku: kashi ɗaya yanzu don biyan abin da ke wuyanka, ɗaya wajen tsakiyar rani, ɗaya gab da shuka don taki. Ka riƙa tambayar farashin kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano kafin ka kai kasuwar ƙauye. In kuɗi sun shigo ba ka da abin yi da su nan take, ka mayar da su tunkiya ko ɗan akuya, don kuɗi a aljihu ba sa jin kira. Bashin da za a biya da hatsi da kaka kuwa ka guje shi iyakar iyawarka. Mai bayarwa yakan yanke farashin tun kana cikin matsi, kuma in aka ce buhu ɗaya a biya biyu, ka san hukuncinsa ba sai na faɗa maka ba.

Ka kuma yi ƙorafin cewa an hana ka faɗin yawan abin da ka samu, an ce in an tambaye ka ka ce an gode Allah. Wasu za su ce maka saboda baki ne, kuma kambun baka gaskiya ne. Amma akwai dalili na kusa: ranar da aka ji ka ce buhu arba'in, kowa zai yi lissafin rabonsa a kan arba'in, ba wanda zai cire zakka da abincin wata goma sha huɗu. Ka hana a ce ka yi rowa, ka bayar ka shiga cikin na yara. Ga kuma halin tsaro da ake ciki a karkara, inda magana ke tafiya ta isa kunnen da ba ka nufa ba. Uwargida dai ta san adadin, da ƙaninka da kuke gandu tare, don su ne za su riƙe gidan in ka yi tafiya.

Game da babur, ban hana ka ba. Ka fara sayar da waken idan ya yi daraja, ka haɗa da kashi na farko da na biyu na buhu goman. In kuɗin bai kai sabo ba, ka nemi na hannu mai lafiya, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi ya saurari injin, a duba takardu, a yi ciniki gaban shaidu. Ka rage wani abu na gyara da taya, don watan farko yakan zo da kashe kuɗi. Ƙarin gonar kuma ka bari sai ka ga ko takin da ke hannunka ya ishi wadda kake da ita. In bai isa ba, ka sa shi duka a ta kusa da gida.

Ka gaishe da mahaifiyarka da mai ɗakinka da yara. In kun gama awon mako biyun, ka aiko mini da adadin tiyar mu sake duba lissafin tare.

Baffanka.